Ƴan Kasuwa, Ku Daina Sayen Kayan Daji Tun Ba Su Nuna Ba

Wannan magana tamu ce mu masu neman abinci a daji, kuma da ku muke, Alhazai da Hajiyoyinmu na kasuwannin bakin iyaka, tun daga Gaya da Ƙonni, zuwa Maraɗi da Ɗan Isa, har Matamaye da Magarya, da abokan cinikinku na tsallake, na Kamba da Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari. Kun san kayanmu ko da ba ku san fuskokinmu ba. Duk damin kabar da aka ɗora bisa mota, duk buhun goriba da kuka da tsamiya da magarya da aduwa da ƙaro da fara da muruci, ta hannunmu ya biyo kafin ya iso rumfarku. Yawancinmu mata ne da tsofaffi da yara, ba mu da ofis, ba mu da mai magana da yawunmu a rediyo. Shi ya sa idan ana lissafin dukiyar ƙasa sai a ƙirga gero da wake da albasa da bisashe a tsaya, alhali kuwa a gidaje da dama kuɗin kayan daji ne ke sayen gishiri da sabulu, shi ne kuma ke riƙe tukunya daga ranar da rumbu ya ƙare har sabon gero ya shigo.

Abin da ya sa muka nemi fili a wannan jarida shi ne, muna ganin sana'ar nan tana lalacewa a gaban idonmu, kuma mun duba mun ga tushen ɓarnar yana kasuwa. Kuna sayen kaya tun ba su nuna ba, kuna biyan ɗanye da nunanne kuɗi ɗaya, mu kuma saboda babu, da gudun kada wani ya riga mu, muna ta kawo muku.

Bari mu fara da abin da muka fi sani. Akwai kwarin da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi wanda ake kira Gulbin Kaba, kuma ba don komai ya ci wannan suna ba sai don yawan kabar da ke cikinsa. Da yawa daga cikin masu shimfiɗa tabarma a birni ba su san cewa kaba da goriba abu ɗaya ba ne. Kaba ita ce goriba tun tana ƙasa. Idan aka ƙyale ta sai ta yi gangar jiki, ta miƙe, ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, bayan wasu shekaru ta fara ƴaƴa. Idan kuwa kullum ana bin ta da wuƙa ana yanke sabon tofon da ke tsakiya, wanda shi ne masu saƙa suka fi so saboda laushinsa da farinsa, to haka za ta dawwama a dunƙule a ƙasa, ba inuwa, ba ƴaƴa, ba azara. Sannan goriba akwai mace akwai namiji, macen ce ke haihuwa, amma sai da namijin a kusa, saboda haka wanda ya sare namiji yana cewa ai ba ya ƴaƴa, ya rage wa kansa goriba bai sani ba.

Yau duk wanda ya bi kwarin nan zai ga kaba iyakar ganinsa, har ya ce ai arziki na nan. Mu da muke ciki mun san ba haka abin yake ba. Manyan goribar da ke tsaye tsofaffi ne, waɗanda kakanninmu suka tarar ko suka bari, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma tsakanin su da kabar da ke ƙasa da ƙyar ka ga matsakaiciya mai tasowa. Gari ne na tsofaffi da jarirai, babu samari. Ita ma kabar, yawan yanka ya sa ganyenta yana gajarta, wanda duk mai saƙa tabarma ko malafa ko faifai ko igiya ya san bambancin dogon ganye da gajere a hannunsa. Tabarmar Madawa ba da gajeren ganye ta yi suna ba. Kuma kada a manta tabarmar roba tana nan a rumfar da ke kusa da taku, tana jiran ranar da tamu za ta rasa kyau.

Sai maganar ƴaƴan. Tun fil azal yara sukan kaɗo ɗanyar goriba su fasa su sha kwalshi, wannan ba komai ba ne, cikin yaro nawa yake? Abin da ya canza shi ne tun da goriba ta yi kasuwa a birane, ana daka ta ana jiƙawa ana sha, wasu suna cewa tana taimakon mai hawan jini, ga kuma neman da ake yi mata lokacin azumi, sai aka koma kakkaɓe ta buhu-buhu tun tana kore, a shanya a rana ta canza launi, a ɗinke baki a kai kasuwa. Wanda ya saya ya gaigaya sai ya ji ba zaƙi, ba ƙanshi, ya ce goribar bana ba ta yi ba. Goribar ta yi, ba a bar ta ta gama ba ne. Babbar asarar ma ba wannan ba ce. Ƙodagon da bai ƙosa ba ba ya tsira. A da, nunanniyar goriba takan faɗo da kanta, mu tsinci wadda muka gani, dabbobi su ci wata su yar da ƙodagon a wani wuri, damina ta zo ta rufe shi, shi ke nan an sami sabuwar kaba ba wanda ya shuka. Yanzu babu abin da ke kai wa ƙasa.

Mai karatu zai ce, to ku da kuka san haka, me ya sa kuke yi? Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarta. Itacen da ke cikin daji ba na kowa ba ne, saboda haka kowa yana tunanin idan ni ban kaɗe yau ba, gobe da asuba wani zai kaɗe. Da a ce wanda ya kai ɗanye kasuwa zai dawo da kayansa a ka, da wannan tsere ya mutu a mako ɗaya. Amma ba ya dawowa da su. Dillali yana karɓa, yana aunawa da tiya ɗaya, yana biya kuɗi ɗaya da na wadda ta yi haƙuri ta jira. To wace ce za ta sake jira? Wani lokacin ma ba mu ne ke zuwa kasuwa ba, kasuwar ce ke biyo mu gida. Yaran Alhaji sukan shigo ƙauye a daidai lokacin da gida ya bushe, su raba kuɗin kafin alƙalami, su ce ranar kasuwa kaza muna son buhu kaza domin mota za ta tashi. Itace bai san ranar tashin mota ba. Matar da ta riga ta ci kuɗin nan ta auno gero da su, ranar da aka sa mata tana cika za ta kawo abin da ta samu, ya nuna ko bai nuna ba.

Haka abin yake a wajen ƙaro. Ƴan uwanmu na gabas, wajejen Gure da Maine da Difa, su ne ma'abota wannan aiki, kuma ƙasar Nijar ta taɓa fitar da ƙaro mai yawa zuwa waje kafin farin 1973 da na 1984 su kashe itatuwan dakwara masu yawa. Ƙaro kaya ne na duniya, domin ana sa shi a lemun kwalba da alewa da magunguna, ban da tawadar malamanmu. Sudan ce ta daɗe tana ba duniya mafi yawansa, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023 masu saye suka ƙara waiwayo Chadi da Najeriya da sauran ƙasashen Sahel. Wannan dama ce, amma idan ba a yi hattara ba ita ce za ta ƙarasa abin da fari ya bari. Shi tsagar dakwara yana da ƙa'ida. Ana jira damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba, sannan a ɗaye siririn ɓawo a jikin reshe ba tare da an shiga cikin icen ba, a tafi a ba shi kamar kwana 40 kafin ɗiban farko, daga nan a riƙa zagayowa lokaci-lokaci. Ba a tsaga ƙaramin itace, ba a tsaga dukan rassa, kuma itacen da ya ba da yawa bana yana son hutu. Mai gaggawa kuwa gatari yake sa wa gindi, ya sassare ko'ina, ya dawo bayan ƴan kwanaki ya kwashe ƙaron tun yana danƙo, domin jiƙaƙƙe ya fi nauyi a sikeli. A zuba shi a buhun leda, ya dunƙule da ƙasa da ɓawo, a haɗa da ƙaron wasu itatuwa, ya isa Kano mai saye ya duba ya ce wannan na ƙarshe ne, ya karya kuɗin. Ku kun yi asara, mu mun yi asara, itacen kuma baɗi ba lalle a same shi da rai ba.

Sauran ba sai mun tsawaita ba. Kukar Mirya ta yi suna ne saboda masu ita suna figar ganye a kan lokaci su shanya a inuwa ya fito kore shar, amma a wurare da dama sare rassan ake yi gaba ɗaya don a cika buhu da wuri, sai ka ga kuka tsaye kamar kuturu, shekara da shekaru ba ta yi ɗa ko ɗaya ba. A ƙasar Gaya, inda giginya ta cika Dallol Mauri, idan aka tsince ƴaƴan kaf aka binne don muruci, babu wanda ya rage da zai zama giginyar gobe, ita da take ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta kai azara. Dama Hausawa sun ce na nesa ka sha inuwarta. Masu sayen sassaƙe da saiwoyi suna karɓar ɓawon maɗaci da na ƙirya ba su tambayi yadda aka ɗebo ba, alhali irin waɗannan itatuwa idan aka zagaye gindinsu da sassaƙa sun mutu ke nan. Ita kuwa fara, matsalarta ta fi kowace tsanani, domin rai ake magana. Farar kirki ita ce wadda aka kama da sanyin asuba tana da rai, aka dafa aka shanya. Wadda aka tsinta a mace a wurin da aka yi feshi guba ce, kuma duk wanda ya ga shekarar 2004, lokacin da farin dango suka mamaye ƙasar nan aka bi su da magani ta sama da ta ƙasa, ya san ba tatsuniya muke yi ba. Wanda ya ga fara da araha fiye da ƙima, ya tambayi inda ta fito kafin ya kai wa matan da ke soyawa a ƙofar makaranta.

Ba za mu wanke kanmu ba. Hannunmu ne ke riƙe da wuƙar da gatarin, kuma a cikinmu akwai masu zuba yashi a garin kuka, akwai masu sa nunanniya a bakin buhu su ɓoye ɗanya a ƙasa. Wannan ha'inci ne, ba talauci ba, kuma mun yi tir da shi. Akwai kuma wasu daga cikin masu tsaron daji waɗanda ba sa ganin motar da ta wuce da gungumen icen da aka hana sarewa, sai tsohuwa mai ɗan damin kaba a ka suke gani. Kowa ya san nasa.

Amma kada wani ya ce mana mutumin ƙauye ba ya iya tattalin itace, domin shaida tana nan a gonakinmu. Wajen 1983, lokacin da ƙasar Maraɗi ta koma fili fetal, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Aka fara abin da muke kira sassabin zamani, wato a zaɓi tofo ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture a bari, a rage sauran. Ba a sayo iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an maido da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin sa ido, maza da mata da makiyaya, suna kama mai saran sata. Abin da ya sa aikin ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina shi zai ci moriyarsa, abin da dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa, aka kuma ƙara fito da shi fili a wata dokar ta 2020. Manomin da ya iya barin gawo ya girma a tsakiyar gonarsa zai iya barin kaba ta zama goriba. Abin da yake bukata kawai shi ne ya san haƙurinsa zai biya shi a kasuwa.

Mun san abin da za ku ce, domin mun sha ji. Za ku ce idan ni na ƙi saye, na kusa da ni zai saya, ya riga ni cika mota. Za ku ce ga kuɗin mota, ga duwan, ga shingaye a hanya, ga naira da sefa kullum suna hawa da sauka, ga iyakar da aka rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kaya suka ruɓe a hannunku. Duk gaskiya ne, kuma mu ma mun ji a jikinmu, domin duk ranar da iyaka ta rufe mu ne farkon waɗanda ake ce wa a koma da kaya gida. Amma ku lura, tsoronku da namu iri ɗaya ne, kowa yana gudun a riga shi. Bambancin shi ne mu dubbai ne a warwatse cikin ƙauyuka, ku kuwa manyan masu sayen kaba ko goriba ko ƙaro a kowace kasuwa ba ku wuce a zaunar da ku a tabarma biyu ba. Kuna da sarkin kasuwa, kuna da shugaban dillalai, kuna da ƙungiya wadda idan ta ce yau ba a ciniki, ba a yi. Abin da zai ɗauke mu shekara goma muna bin gari-gari, ku zama ɗaya ya ishe ku.

Saboda haka ga roƙonmu. A sa ranar buɗi ga kowane kaya, masu gari da masu tsinta da ma'aikatan gandun daji da magajin gari su zauna su tsayar da ita bisa yadda damina ta kasance, ku kuma ku ɗaure cewa kafin wannan rana ba buhun da zai hau sikelinku. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kowace shekara hukuma tana sa ranar sakin gonaki ga makiyaya, masunta ba sa faɗa wa tafkin da aka hana sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, mahalban da ma ba sa fita farauta sai an yi buɗin daji. Ba tsafin da ke ciki muke kira a dawo da shi ba, tsarin muke so. Hatta icen girki an taɓa yi masa irin wannan, tun da dokar 1992 ta kafa kasuwannin ice na karkara, inda ƙauye ke da yankin dajinsa da adadin da zai sara a shekara. Sannan ku raba kuɗi: nunanne da kuɗinsa, busasshen ƙaro mai tsabta da kuɗinsa, dogon ganyen kaba da kuɗinsa, ɗanye kuwa a ce a koma da shi. Kuɗin kafin alƙalami ba mu ce ku daina ba, yana fitar da mu kunya, amma ku ɗaura shi da nunar kaya, ba da ranar tashin mota ba. Mu ba malamai ba ne, amma mun ji malamai suna karantar da cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cinikin ƴaƴan itace kafin kyansu ya bayyana. Ku tambaye su yadda hukuncin ya shafi irin cinikin da muke yi da ku.

Kuma kada ku ɗauka ingancin nan ba shi da mai saye. A Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da aka kafa a 2014, yana sayen ƴaƴan itatuwan daji daga hannun mata yana sarrafawa, har da hanza, wadda a yunwar 2005 ƴan jaridar waje suka riƙa nunawa a matsayin abincin wanda ya rasa yadda zai yi. Mu mun san hanza tun kafin su zo, mun san sai an jiƙa ta kwanaki ana canza ruwa ɗacin ya fita, ga shi yau ana sa ta a leda mai tambari ana sayarwa a kanti.

A namu ɓangaren, a ƙauyenmu mun riga mun fara. Bana mun bi gonaki da bakin kwari, a kowane rukunin kaba mun zaɓi guda biyu masu ƙarfi mun ɗaura musu jan ƙyalle, mun yi alkawari a gaban mai gari cewa wuƙa ba za ta taɓa su ba har su tashi, wanda ya yanka kuma akwai tara. Goribar da ke bisa ma mun hana a sa mata sanda sai an yi shela. Makonni kaɗan da yin haka, sai ga yaran wani mai saye sun iso da babur da buhuna da kuɗi a aljihu, muka ba su ruwa suka sha, muka ce su dawo bayan shela. Suka wuce ƙauyen da ke gabanmu, da la'asar muka gan su sun dawo da buhuna cike.